Ranar da Muka Kashe Zarto

Taron safe a shagonmu na kafinta wa'azi ne kawai. Baba zai jingina da teburin aiki, injin zarto na kuka a bayansa, ya yi ta zuba har shayin kowa ya huce. In wani ya kawo magana sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla," ko da cewa aka yi ƙusa ta ƙare.

Ma'aikata sun ɗauka girman kai ne. Ni kuwa 'yarsa ce, ni ke karɓar aikin masu saye, na san gaskiya: ƙarar inji ta cinye masa kunne, yana cika baki da surutu ne don kada a tambaye shi. Da aka sake yanka ƙofar mutane ba daidai ba, na ji yana ce wa Inna gara ya bar shagon tun da sauran mutuncinsa. Hankalina ya tashi, don Baba bai iya zaman gida ba.

Washegari na marairaice na ce, "Baba, ni fa kaina juyawa yake a taron nan. A kashe inji, mu tsaya a zagaye, kowa ya faɗi tasa shi kaɗai, yana kallonka."

"Ke dai kin cika iyayi," in ji shi. Amma ya yarda.

Shagon ya yi tsit. Mai fenti ya ce gam ɗin da ake sayowa ba ya kamawa. Baba ya tsura wa bakinsa ido, sai ga shi ya ba da amsa daidai, har da sunan wanda za a sayo. Kafin ka ce me an raba aiki, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Aka zo kan Dogo, mai haɗa kujeru. Ya ce, "Maigida, zan tashi da wuri, zan kai ɗana rigakafi."

Baba ya zabura. "Ɗanka? Yaushe ka samu ƙaruwa ba ka gaya mini ba?"

Duk mun san ya gaya masa, ba sau ɗaya ba. Yaron ma har ya fara rarrafe.

Dogo ya dube ni, ya dubi Baba, ya yi murmushi. "Laifina ne, Maigida. Ga shi yau na gaya maka."

Baba ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta sa wa yaron albarka.