Ma'aikata Nawa?

Takardar shafi biyu ce, kuma tambaya ta bakwai ce ta ja mini magana. An rubuta: ma'aikata nawa ne a wurin sana'arka? Ban ko tsaya tunani ba na rubuta "babu", har da ja masa layi a ƙasa, don su san ni ba maƙaryaciya ba ce.

Sabulun wanki nake yi a ɗakin baya na gidanmu, shekara tara ke nan. Da waya muke yanka shi, wannan ya fito da kumatu, wancan ya fito a rame. Mai babban kantin da ke ɗaukar rabin kayanmu ya gaji, ya ce in ba za su riƙa zuwa kai ɗaya ba, daga ƙarshen wata zai koma wa na kamfani. Injin yanka ne maganin abin, ni kuwa ko ƙafarsa ɗaya ba ni da ƙarfin saye. Ana cikin haka aka ce ofishin tallafa wa ƙananan sana'o'i yana raba injuna, shi ne na je na cike takarda.

Bayan mako biyu sai ga jami'arsu ta zo dubawa, wata siririya mai tabarau. Ta tsaya bakin ƙofa tana tari saboda warin soda. Yaya, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana tuƙa haɗin sabulu a babban baho. Goggo na zuba shi cikin akwatunan katako. Matar ƙanina da maƙwabciyarmu da muke kira Doguwa suna yanka, ƙanwar mijina tana naɗewa a leda.

Jami'ar ta dubi takarda, ta dube ni. "Baiwar Allah, kin rubuta ba ki da ma'aikata. To waɗannan fa, aljanu ne?"

Doguwa ta kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Na ce, "Malama, wannan yayata ce. Waccan ƙanwar mahaifina ce, a bayanta na girma. Ki dubi tsabar idona ki ce in kira su ma'aikatana? Taya ni suke yi."

Ta ce, "Injin na mai ma'aikata biyar ne zuwa sama. Ba ni na kafa dokar ba. In kin bar shi a babu, sai in kama gabana."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. A wurina ma'aikaci shi ne wanda ake daka wa tsawa in ya makara, a sallame shi ranar da aka ga dama. Ni kuwa in an yi ciniki, a ɓoye nake dunƙula wa kowacce nata a hannu kamar kyauta, don kada ta ji na saye ta. Ina taƙama da wannan, a ganina iyakar girmamawa ke nan.

Jami'ar ta ce, "Ƙarfe nawa suke zuwa?"

Na ce, "Sanda suka ga dama."

"Bakwai," in ji Yaya, ba ta ko ɗago kai ba. "Bakwai na safe, kullum."

Jami'ar ta juya wurinta. "Tashi fa, Mama?"

"Sai haɗi ya ƙare."

Yaya ba mai magana ba ce, takan wuni ba ka ji ta ce uffan ba. Sai ga ta ta jingine muciya, ta goge hannu a zani, ta tako har gaban jami'ar. Soda ta cinye gefen farcenta duka.

Ta ce, "Rubuta ni, 'yar nan. Ki sa ni ta farko."

"Haba Yaya! Ni ce zan zama uwar ɗakinki?"

Ta ce, "Ke dai kin iya kunya. Shekara bakwai in an tambaye ni me nake yi, sai in ce ina taya ƙanwata. 'Ya'yana ma sun ɗauka hira nake zuwa. Ranar da zazzaɓi ya rufe ni, haka na lallaɓo, don mai taya aiki ba ta neman hutu, kada a ce ta gaji da zumunci. Ma'aikaciya kuwa ta san ranar albashinta, ta san lokacin tashinta. Ni ban ga zagi a ciki ba."

Goggo ta ce, "Ni ma a sa ni, amma a rubuta babbar ma'aikaciya."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Kunya ta rufe ni, don na gane duk tsawon shekarun nan kaina nake kare wa mutunci, su kuma suna biya.

Jami'ar ta miƙo mini biro. "Da hannunki za ki soke, ki sa hannu. Amma ki sani, in kin rubuta biyar za mu dawo mu tambayi albashi da hutu da lokacin tashi. Su za mu tambaya, ba ke ba."

Na soke "babu", na rubuta biyar. Ta ce inji zai iso kafin ƙarshen wata, ta yi sallama ta tafi. Muka zauna a kan akwatunan katako muka yanke magana: shiga bakwai, tashi huɗu, hutun kwana ɗaya a mako, albashi ranar ɗaya ga wata.

Ƙarfe huɗu na bugawa Yaya ta saki muciya, ga haɗi bai kai ba. Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta ce mini sai da safe. Na buɗe baki zan ce ta dai ƙarasa wannan bahon, na mayar na rufe. Na kama muciyar da kaina. Ban yi minti goma ba kafaɗuna suka soma zogi, turiri ya cika mini ido, na tsaya ina haki. Rabona da muciyar nan tun ranar da Yaya ta fara zuwa, kuma ban taɓa tambayarta ko muciyar na da nauyi ba.