Rasmata Ta Shiga Kabari

Kafin Rasmata Tapsoba ta kashe babur ɗinta, ma'aikata biyu sun riga sun sauke allon ƙofa sun kifa shi a ƙasa. A tsakar gidan, tsoho Tinga malamin kiɗa ya rungume gangar ƙwaryarsa kamar za a ƙwace masa jariri, 'yan rawa kuma sun yi cirko-cirko a gindin mangwaro.

"Wa ya sa ku?"

"Shugaba Paré ne, madam."

Jiya-jiyan nan aka yi bikin haɗewa. Ƙungiyarta mai nema wa makaɗa da 'yan rawa tallafi ta haɗe da ta Désiré Paré, mai nema wa masu zane da maƙeran tagulla. 'Yan kasuwar Wagadugu ne suka ce sun gaji da ƙoƙon bara biyu a ƙofa ɗaya. A dunƙule, sai su buɗe hannu. Désiré ya zama shugaba, ita mataimakiya, kayan kowa ya zama na ƙungiya. Har da gidan nan nasu na unguwar Gounghin, inda ake koyon kiɗa tun tana goyon ɗanta na fari.

Mota ta tsaya. Désiré ya fito cikin rigar saƙi yana washe baki.

"Baiwata! Yau Mosi ba ta gaida ubangidanta?"

Ita 'yar ƙabilar Mosi ce, shi ɗan ƙabilar Samo. Wasa ne tsakaninsu tun kaka da kakanni, wanda ya yi fushi kuwa shi ya zubar da mutuncin gidansu.

"Désiré, me ake yi wa gidan nan?"

"Af! Ba na faɗa miki jiya a gaban manyan baƙi ba?"

Sai ta tuna. Ya faɗa kam. Ya ɗaga kofi ya ce gobe zai ƙwace kangon baiwarsa ya sayar. Ɗakin ya ɓarke da dariya, ita ma ta ce, "Samo mai cin kare, fara sayar da wandonka tukuna." Tana dariyar ta sa hannu a takardar haɗewar.

"Masu kamfanin siminti, manyan masu ba mu tallafi, na son filin," in ji shi. "Za su ba mu ofis a sabuwar unguwa, yara su riƙa rawa a otal."

"Su Baba Tinga fa?"

Ya kau da kai. "Otal ba ya son tsofaffi."

Ta ji ashar ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye. In ta ɗaga murya, kafin azahar gari ya ɗauka cewa Rasmata ta yi fushi da abokin wasanta. Da wasa ya yanka ta, ba ta da bakin kuka.

Sai ta shiga ciki, ta janyo tabarma, ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta cire takalmi ta miƙe a kai.

"Me kike yi haka?"

"Gidan nan za ka binne kamar gawa, ko? To, na shiga kabarin."

Tinga ne ya fara ganewa. In babba ya mutu, abokan wasa kan faɗa kabari su hana binnewa har sai an fanshe shi. Tsohon ya gyara zama ya saki kiɗan makoki. Masu facin taya da mai sayar da kunu suka taru, ana shewa.

"Samo, biya! Biya!"

Désiré ya yi dariyar yaƙe, gumi na bin wuyansa. Ba shi da halin ɗaga ta, ba shi da halin kiran 'yan sanda.

"To, mayya, me zan ba ki ki fito?"

"Gidan."

Ya durƙusa kusa da kanta, ya sassauta murya. "Rasmata, don Allah. In masu siminti suka janye hannu duk mun mutu, naki da nawa. Maƙerana sun fara narkar da ayyukansu suna sayar wa masu tukwane."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. Ta san ba ƙarya yake yi ba, shi ya fi yi mata ciwo. Ta rufe ido.

"Ci gaba da kiɗa, Baba," ta ce.

Farar mota mai buɗaɗɗen baya ta kutso cikin taron. Wani dogo mai hular kwano ya sauko da igiyar awo a hannu. Ya dubi tabarmar, ya dubi agogonsa.

"Wace ce wannan a hanya?"

"Wasa ne, ranka ya daɗe," in ji Désiré da sauri. "Wasanmu ne na gargajiya, yanzu za..."

"Daga Abidjan kamfani ya turo ni," in ji mutumin. "Ba ni da abokin wasa a garin nan."

Ya juya ya ɗaga wa wani hannu. Daga ƙarshen layi, Rasmata ta ji rurin motar rusau ta cikin ƙasar da take kwance a kai.