Fitilar Tumatir da Kifin Kirsimeti

Bohumil Kratina mutum ne da duk abin da ya dasa sai ya yi. A lambunan bayan garin Jablonec, inda kowane ɗan fansho yake da ɗan filinsa da bukkarsa, ba wanda ya kai shi tumatir. Tun ƙanƙara ba ta narke ba yake jera dashensa a bakin taga, ya kunna musu wata doguwar fitila mai haske shunayya tun asuba har lokacin barci. Saboda haka da ya sayo akwatin gilashi ya cika shi da ruwa, ya dasa ciyayin ruwa, ya zuba ƙananan kifaye, bai nemi shawarar kowa ba. A ganinsa tsiro ai tsiro ne. Ya ɗauko fitilar tumatir ya rataya musu.

Kafin sanyi ya kankama ruwan ya koma kore kamar miyar alayyafo. Gansakuka ta shafe gilashin, ta nannaɗe ganyayyaki, kifayen ma sai sun zo dab da gilashi ake ganin inuwarsu. Da ya ga haka sai ya ce haske ne bai ishe su ba, ya ƙara awoyi.

Matarsa Drahomira ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. A garinsu kowa yakan sayo ƙaton kifin Kirsimeti da ransa, ya sake shi a bahon wanka har ranar yanka, kuma duk shekara ita ce ke ƙarewa da wanka a kwano.

“Tsoho, ka ji ni da kyau,” in ji ta. “In na dawo da kifin bana na tarar da wannan kwatar a falona, zan tuge ciyayin nan in sake shi ciki. Bana zan yi wanka a baho kamar mutum.”

“Haba Draha, ai suna farfaɗowa.”

“Farfaɗowa? Jiya na leƙa, wani kifi ya roƙe ni tocila.”

Bohumil ya san ba wasa take ba. Washegari ya gangara shagon abokinsa Oldrich, mai sayar da kifayen ado a ƙarƙashin gidan burodi. Tare suka yi makaranta, tare aka kore su.

“Sarkin tumatir da kansa!” in ji Oldrich. “An ce kana noman gansakuka yanzu. Nawa buhu?”

“Rufe min baki, Olda. Fitila nake so, wadda ta fi kowace ƙarfi.”

Oldrich ya kunna masa guda uku a kan kanta. Ɗaya rawaya kamar ta ɗakin girki, ɗaya ƙatuwa mai kashe ido, ɗaya kuma siririya mai farin haske, ba ta da wani kwarjini. Bohumil ya miƙa hannu kan ƙatuwar.

“Ɗauka mana,” in ji Oldrich. “Gansakukar za ta yi maka addu'a.”

Hannunsa ya tsaya. Hasken siririyar ya faɗa kan wani bokitin ruwa da ke ƙasa, ya shiga har gindinsa a hankali, sai Bohumil ya tuna rafin da ke gangarowa daga duwatsu a bayan lambunsa. Shekara da shekaru yana ɗiban ruwa a wurin. Ciyayin da ke cikinsa kullum tsaf suke, kuma bai taɓa ganin rana ta same su kai tsaye ba, sai ɗan abin da ya tsallake rassan bishiyoyi da hantsi, kafin la'asar inuwa ta rufe. Inda aka sare bishiyoyin kuwa, nan ne ruwan ke yin kore.

“Ashe ba yunwa suke ji ba,” ya ce a hankali. “Ɗura nake musu.”

Oldrich ya ce, “Ka ga yau da malaminmu na lissafi yana raye da ya yi kuka. Ɗauki siririyar. Amma kafin ka kunna, lulluɓe akwatin ya sha duhu 'yan kwanaki.”

Ya koma gida ya rufe akwatin da tsohon bargo. Drahomira ta wuce ta ce, “Allah ya jiƙan su. Yaushe jana'iza?” Ya bar akwatin a rufe 'yan kwanaki. Da ya yaye bargon gansakukar ta yi laushi, ta fara saki. Ya kankare, ya sauya ruwa, ya ɗaura sabuwar fitila. Da hantsi ya kunna, kafin magariba ya kashe. Kashewar nan ita ta fi ba shi wuya. Ga gari ya yi duhu tun da wuri, ga hannu ya saba, sai ya cusa hannuwan a aljihu ya bar ɗakin.

Ruwan ya washe, amma ciyayin suna nan tsaye kamar marasa lafiyar da aka sallamo. Har ranar da masu sayar da kifin Kirsimeti suka kafa manyan gangunansu na ruwa a dandali, bai san ko abin da ya samu zai ishi Drahomira ba.

Da la'asar ya ji ta a matakala, tana nishi, ruwan bokitin kifi na fantsama. Ya juya ya ƙara duban akwatin, kamar mai sallama. Sai ya ga wani abu a bakin wani ganye, ɗan ɗigo mai ƙyalli. Ya goge tabarau. Ba ɗaya ba ne. Kowane ganye ya jera ƙwayoyin iska a gefensa, ƙanana, farare kamar azurfa. Daga wani reshe kuma suna fita ɗaya bayan ɗaya, a layi, suna hawa sama ba ƙara ba gaggawa. Shekara nawa yana jin ana cewa tsiro na numfashi, ya dasa dubbai da hannunsa, bai taɓa gani da ido ba sai yau.

“Matsa, tsoho, abin nan da nauyi.”

Bai matsa ba. Ta leƙo ta gefen kafaɗarsa. Drahomira ta yi rabin rayuwarta tana shirya duwatsun ado na gilashi a zare, a wata masana'anta da aka rufe tuntuni. Ta daɗe tana kallon layin nan mai hawa, leɓɓanta na motsi.

“Duk girmansu ɗaya,” ta ce da ƙaramar murya, sannan ta kira shi da sunansa na gida. “Bohush, babu zare. Wa yake shirya su?”

“Su da kansu.”

Kifin ya buga jela a bokiti, ruwa ya jiƙa mata takalmi. Ko ƙasa ba ta duba ba. Ta miƙa masa bokitin.

“Kai shi baho. In za ka dawo ka taho min da kujera, kuma kada ka kuskura ka taɓa fitilar nan.”