Taki Arba'in Daga Gindin Tsamiya

"Matsa kusa, bai ji ka ba," in ji 'yarsa.

Na durƙusa gefen katifar, na kai bakina kunnen maƙwabcina. Shekara talatin katangarmu ɗaya da Baba, shirunsa bai taɓa ba ni tsoro ba sai ranar.

"Baba, rijiyar tsohon gari. A ina take?"

Kwana tara ke nan da ƙafewar tamu. Mai haƙa ya tona rami uku a kan tudun da muke zaune, kowanne ya ci karo da dutse, ya ce in na huɗu ya ƙi zai tattara kayansa. Asalin garinmu kuwa can gangare yake, bakin rafi, kafin ambaliya ta cinye rabinsa iyayenmu su hauro. A can suka bar rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. Suka rufe bakinta da faffaɗan dutse, ƙasa ta binne ta, mu kuma muka mai da wurin gonaki. Cikin waɗanda suka sha ruwanta Baba kaɗai ya rage. Ya sha ɗauko mana labarin, muna zunɗen juna wai tsoho ya fara.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Au, sarkin gaggawa ne?"

"Ni ne, Baba."

"Je ka gindin tsamiya. Ba ta baya, ka fuskanci dutsen nan mai tsaga. Taki arba'in."

"Wace tsamiya?" na tambaye shi.

"Guda nawa gare ka? Ta gonarka mana."

'Yarsa ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyu da suka wuce na sare tsamiyar, wai inuwarta tana hana hatsi yi. Na ƙone kututturen, tarakta ta bi ta kai. Lokacin ƙafafun Baba sun riga sun daina kai shi gangare, kuma ba wanda ya gaya masa.

"Tana nan dai ko?"

"Tana nan, Baba." Kunya ta kama ni har wuya. "Amma ban da ita, babu wata alama?"

"Alamar me kuma? Tsamiya tafiya take yi?"

Ya soma dariya, dariyar ta koma tari. 'Yarsa ta ɗiga masa ruwa da cokali daga ɗan abin da ya rage a gindin jarka. Bai sake magana ba. Kafin rana ta yi sanyi ya cika.

Washegari na gangara da mai haƙa. Gonar shimfiɗe take, kunya bayan kunya, duk iri ɗaya. Na tsaya inda nake zato, sai na ga kamar can gaba ne. Na matsa. Na dawo.

"Maigida, daga ina zan fara ƙirga?" in ji mai haƙa.

Ya jingine digarsa, ya kifa bokiti ya zauna. A bakin gona mata sun ajiye jarkokinsu a jere, suna kallon ƙafafuna.