Ƙarfen da Ke Ɓoye Mutum

Shekara ashirin da uku Sannu-Sannu yana tuƙa bas ɗin kamfani, ko kaza bai taɓa takewa ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don in kana sauri ka shiga motarsa, to sai ka yi guzurin haƙuri. Wata Litinin da hantsi ya karya kwanar gidan waya kamar yadda ya saba, sai ya ji tim a gefen mota. Wata mata ce mai ɗinki, tana tsallakawa a kan farin zanen da aka yi wa masu tafiya a ƙasa. Allah ya taƙaita, hannu ne ya karye.

"Wallahi, yallaɓai, ban gan ta ba," in ji shi a ofishin Manaja.

"Duk wanda ya zauna a kujerar nan abin da yake faɗa ke nan," Manaja ya ce. Shi ma tsohon direba ne, ya san zancen. "Mutum guda sukutum, rana a waje? Ko waya ko gyangyaɗi. Ajiye makulli. Alhamis ta sama kwamiti zai zauna, a ga ko za ka ci gaba da aiki."

A gida bai gaya wa kowa abin da ke cinsa ba. Tsoro yake ko idonsa ne ya fara tafiya. Ya riƙa tsayawa gaban kalanda yana rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, har matarsa ta kama shi.

"Baban yara, kalanda kake kashe wa ido? Mu da ke gidan mun mutu ne?"

Ita ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan ido. Likita ya duba ya ce ido garau, har ya fi na wasu samari. Maimakon murna sai ransa ya ƙara ɓaci. In ido lafiya lau ne, to me zai ce wa kwamiti? Saura a kira shi maƙaryaci da furfurarsa, shi kuwa wannan ya fi korar yi masa ciwo.

Ranar Asabar aka kira shi gareji. Wata mata ya tarar, 'yar siririya da jakar goyo, ana ce mata Dakta. Daga jami'a take, aikinta binciken yadda direbobi da masu tafiya a ƙasa ke yi a kan titi. Ta karanta rahoton haɗarinsa, ta kuma tono wasu uku na baya. Duk a kwana suka faru, duk da irin bas ɗinsa, duk direbobin maganarsu ɗaya.

"Baba, ga tabarau," ta ce. "Akwai 'yar kyamara a jiki, tana nuna mana inda idonka ya sauka. Za mu zaga hanyarka, ba fasinja."

Sannu-Sannu ya karɓa yana hararar abin. A ransa ya ce, 'yar leƙen asirin Manaja ce. Don haka ya yi tuƙin da ko a littafi babu irinsa. Ya dubi madubin nan, ya dubi wancan, yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Dakta ta yi ta danne dariya har ta kasa.

"Baba, wuyanka zai ƙage. Ba jarrabawa ba ce. Tuƙin da kake yi in ba mai kallonka nake so."

"'Yata, ai kullum haka nake yi."

"To, Allah ya ƙara lafiya. Mu sake zagayawa."

Ba ta ƙara cewa komai a kan tuƙi ba. Sai ta ɗauko zancen ciwon gwiwar mahaifiyarta, ashe ta taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya shiga lissafo mata man shafawar da ke aiki da wanda ke cin kuɗin banza. Kafin zagaye na huɗu ya manta da tabarau a fuskarsa, ya jingina bayansa da kujera, ya koma Sannu-Sannun da kowa ya sani.

Da suka koma gareji ta buɗe kwamfuta. Wani jan ɗigo ne ke yawo a hoton da kyamarar ta ɗauka, shi ne idonsa. Da motar ta doshi kwanar gidan waya, ɗigon ya je kan zanen tsallakawa sau biyu.

"Ka duba, Baba. Sau biyu ma. Amma kalli abin da ke tsakaninka da wurin."

Ƙarfen da ke riƙe gilashin gaba ne, mai kauri, ga madubin gefe maƙale kusa da shi. Shekaru yana zaune a bayansu, ya daina ganin su ma.

"Wannan ɗan ƙarfen zai ɓoye mace guda?"

"In tana nesa, har da jakarta. Kuma kana juyawa yana juyawa. Kai ga ka mai tafiya a hankali, sai saurin kwanarka ya zo daidai da takunta. Tana tafiya, ƙarfen na tafiya da ita."

Sannu-Sannu ya ƙura wa hoton ido. Hankalin da yake taƙama da shi ne ya taya ƙarfe ɓoye baiwar Allah. Ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunya, duk a lokaci guda.

Ranar Alhamis Dakta ta roƙi kwamiti su fito filin gareji. Ta zana kwana da alli, ta jera robobin hanya don kada mota ta wuce iyaka, ta saka riga mai ƙyalli.

"Yallaɓai, kai za ka ja," ta ce wa Manaja. "A hankali. Da ka gan ni, ka danna hon."

Manaja ya hau yana murmushin wanda aka ba aikin yara. Ya tada mota, ya fara karya kwana. Dakta ta taho da tafiyarta ta kullum. Taku biyar, shiru. Taku takwas, shiru. Sai da ta iso dab da robobin sannan aka ji hon da birki tare.

Manaja ya leƙo ta taga, baki buɗe. "Ke! Daga ina kika fito?"

Makanikai suka fashe da dariya. Manaja ya ce a sake, aka sake. Ya sauko yana share zufa, bai yarda sun haɗa ido da Sannu-Sannu ba.

Kwamiti bai wanke shi tas ba, don mai sitiyari ba ya rasa nasa kason. Amma an bar masa aikinsa. Aka ce a sauke madubin duk bas irin wannan ƙasa kaɗan, kuma kowane direba ya koyi abin da Dakta ta nuna: kafin ka karya kwana, ka ranƙwafo gaba, ka koma baya, ka leƙa bayan ƙarfen ta kowane gefe. Nan take direbobi suka raɗa wa abin suna gaida sitiyari.

Ranar da ya koma aiki motar cike take. Ya iso kwanar gidan waya, ya duba zanen tsallakawa, ba kowa. Zuciyarsa ta ce wuce. Ya dai ranƙwafo gaba.

Wani dattijo ne ya fito daga bayan ƙarfen yana tura keke, bai ma san ana yi ba.

Sannu-Sannu ya taka birki. Daga baya wani fasinja ya yi tsaki. "Haba direba, mun makara fa!"

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce, hawaye na neman zubo masa. "Bari mutumin nan ya wuce. Na gan shi."