Hatimin da Ya Ɓata Kafin Tafiya Curitiba

Saura kwana tara in bar Belém hatimina ya ɓata. Ɗan hatimin roba ne mai sunana, Jucilene, da lambata ta aikin jinya, wanda muke bugawa a ƙasan duk abin da muka rubuta a katin majinyaci. Abin da ya ɗauki hatiminki kuwa ke kika yi shi, ko da kina gida kina wanki.

Ga asibitin Curitiba na jirana, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta can ba za ta yi mini rajista ba sai ta jiharmu ta ba ni takardar shaidar ba ni da laifi. Ƙorafi ɗaya ya isa ya tsayar da komai. Wallahi na tsorata.

Nan take zuciyata ta tafi kan Dona Erotildes, shugabar sashenmu. Matar nan tun da na ce zan tafi take kallona kamar na cinye mata abincin rana. Ƙawata Marinalva, wadda muka shekara shida muna cin kifi da garin rogo a kwano ɗaya, ta ce ai ba sai an faɗa ba, tsohuwar ce, so take ta ɗaure ni a nan. Na zazzage jaka, na leƙa ƙarƙashin gadaje, har gaisuwar Dona Erotildes na koma amsawa a daƙile.

Ranar Alhamis ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa. Ta zaro hatimin daga aljihu, an yanka robarsa gida biyu.

"Ashe dai ke ce, Dona," na ce.

"Ni na yanka. Zauna, 'yar nan."

Ta ce ranar Litinin da nake hutu ta kama wata tana buga shi a katin gado na huɗu, inda aka tsallake wa wani tsoho allura sau biyu aka rubuta an yi. Ta ƙwace, ta kai rahoto da sunan mai laifin, ta ja bakinta har aka wanke ni. Sai ta turo katin gabana.

Ban tambayi suna ba. Kunya ta rufe ni. Na san rubutun nan. Shi ne a jikin kwalayen kayana goma sha ɗaya da muka ɗaure tare da Marinalva a ɗakina ranar Lahadi, ita ce mai rubutawa: Jucilene, Curitiba, a yi hankali, akwai abin fashewa.