Sunan da Hure ba ta faɗa

Shekara ashirin da shida ke nan Malama Hure ba ta taɓa kama sunan 'yarta ta fari ba. Ramlat ne sunan, amma a bakin uwar "waccan" ce, in an yi sa'a "'yar gidan nan". Haka ta taso ta ga ana yi a ƙauyensu da ke gefen Bici, kuma ba wanda ya ga aibun abin sai da wasan nan ya zo.

Wasan kwaikwayo ne mai waƙe-waƙe a kan gonakin da ake yankawa ana sayarwa fuloti-fuloti. Hure ce shugabar ƙungiyar da ke shirya shi, don tun da ta bar koyarwa ta rasa inda za ta kai ƙarfinta. Waƙoƙi tara ne, duk Ramlat ta rubuta, damina guda tana fama da littafi a gindin ɗorawar gonarsu. Mai rerawa kuwa Aina'u ce, yarinyar da ko sallama ta yi sai an waiwayo.

Da aka je buga takardar talla, Hure ta ba da sunan Aina'u da hotonta. Mai bugawa ya tambayi wanda ya rubuta waƙoƙin, ta kau da kai ta ce, "Sa ƙungiya kawai."

Na rediyo ne ya fi muni, ranar da aka gayyace ta hira tare da Aina'u. Mai gabatar da shirin ya ce, "Hajiya, baitocin nan sun ratsa ni. Wa ya tsara su?"

Hure ta dubi abin maganar da ke gabanta. Ta ambaci 'yar fari a rediyo, da yabo kuma, duk Kano na ji?

"Yaran ne dai," in ji ta, "Allah ya yi musu albarka."

Aina'u ta dube ta, ta ga babba ba ta faɗa ba, ita ma ta ja bakinta. Mutumin ya juya ya yi ta zuba wa Aina'u kirari har lokaci ya ƙare. Kwana biyu tsakani wani mai shirya fim ya kira Aina'u, wai yana son ta rubuta masa waƙa.

Ramlat ta sami uwar tana tsinkar zogale a tsakar gida.

"Inna, sunana ƙazanta ne?"

"Ke, wace uwa kika ga tana tallar 'yar fari? So kike a ce ba ni da kunya?"

"To ai ke an ce kina da kunya. Ni kuma an ce ba ni da komai."

Maganar ta soki Hure, amma girman kai irin na tsohuwar malama ya hana ta nunawa. Ta ci gaba da tsinkar ganye, har da waɗanda ba sa ciwuwa. Kwana uku tana kai da kawo da zuciyarta, tana jin tsoron bakin tsofaffin garin, tana kuma jin tsoron shirun 'yarta.

Ranar wasan, bayan la'asar, filin makarantar firamare ya cika. Da Aina'u ta kai waƙar ƙarshe, ta gonar gado da aka kafa wa turaku, har maza sun yi tsit. Hure ta miƙe ta karɓi abin magana.

"Jama'a, murya ta Aina'u ce. Amma duk kalmar da kuka ji, Ramlat ce ta rubuta. Ramlat, 'yata."

Sunan ya fito mata a karkace kamar sabon takalmi. Wasu tsofaffi suka riƙe baki, matasa suka tafa. Hure ta bi layin mata da ido ba ta gan ta ba.

Aina'u ta matso ta ce a hankali, "Malama, tun azahar ta hau mota, ta tafi Kano, Bacirawa, wajen goggonta. Bari in kira ta ki maimaita mata."

Kafin Hure ta amsa, an sa mata wayar a kunne. Ta ji muryar 'yarta tana sallama, ta ji kuma yarinyar tana jiran ta yi magana.

Hure ta karɓi wayar.

"Ke," in ji ta, "kin sauka lafiya?"